Baffa Mai Shiƙar Taki

Daga Allah muke, wurinSa kuma za mu koma. Baffa ya riga mu kama hanya. An kai shi makwancinsa da hantsi, kafin azahar tabarmin ƙofar gidanmu na Limawa sun cika har sai da aka aro na masallaci. Ban ga masu gaisuwar ba, muryoyinsu na ji, don bango ɗaya ne tsakanin zaure da ɗakin Inna, matarsa. Yawancinsu manoma ne daga ƙauyukan bayan duwatsu, sun jingine kekuna da babura a jikin katanga.

Wani ya ce tun da yake ɗibar taki a hannun Baffa bai taɓa tsintar allura ko guntun leda a gonarsa ba. Wani ya ce geronsa na bara, bayan Allah, Baffa ne. Wani kuwa ya fara magana sai muryarsa ta sarƙe, aka yi ta ba shi haƙuri kamar shi aka yi wa rasuwar. A cikin gida zancen daban ne. Wata maƙwabciya ta sunkuya ta ce da ta kusa da ita ai aikin ne ya cinye shi, ɗayar ta ce ta yi istigfari, kwana ne ya ƙare. Gwaggo, yayar Baffa, tana bakin ƙofa tana jan carbi da ƙarfi kamar za ta tsinke shi, ba ta ce wa kowa komai ba sai amin.

Can sai na ji muryar wani dattijo daga wajen Kiyawa, abokin wasan Baffa, ta ɗago sama da ta kowa.

"Alhamdu lillahi, tunda ya bar ɗa. Rariyar takinsa ba za ta yi tsatsa ba."

Shugaban wurin aikin Baffa yana zaune a wajen. Ya ce gurbin yana nan, in an yi sadakar arba'in yaro ya zo ya kama. Zaure ya ɗauki kabbara da sa albarka. Ni kuwa na ji kamar an kwara mini ruwan randa a gadon baya, domin ɗan da ake faɗa shi ne mijina.

Baffa ƙanen mahaifina ne, autansu. Sunan mahaifiyarsu aka sa mini, don haka Uwata yake kirana tun ina rarrafe. Da na girma aka haɗa ni da babban ɗansa, wanda har gobe Yaya nake ce masa, kuma ba a yi mini dole ba, ni na fara ɓoye masa kosai a gefen zane. Na tashi da littattafan soyayya a ƙarƙashin matashi, na haya da na aro. A cikinsu saurayi yakan fito daga mota mai baƙin gilashi, ƙamshinsa ya riga shi sallama. Nawa adaidaitar wani yake ja, kuma ban taɓa jin an rage ni da komai ba. Sai dai mai adaidaitar ya karɓe abarsa tun kafin Baffa ya kwanta, Yaya yana zaune ba aiki. Abin da ya hana ni zama wuri ɗaya ke nan tun ranar: aikin da ya kai uban ƙasa shi ake miƙa wa ɗan, shi kuma ba shi da bakin cewa a'a.

Can bayan gari, inda gidaje suka ƙare, akwai wurin da motocin kwasar masai ke juye abin da suka zuƙo daga Takur da Yalwawa da sauran unguwanni. Ruwan ana bi da shi ta tafkuna har ya tace. Dagwalon da ya kwanta a ƙasa kuwa jawo shi ake yi a baza a filaye masu gefen siminti, rana ta busar. Shi ya sa mutane ke ce wa wurin Shanya. A nan Baffa ya ƙarar da ƙuruciyarsa da shebur da manjagara.

Kada wani ya zaci Baffa mutum ne marar kula. Ban taɓa ganin mai tsoron ƙazanta kamarsa ba. Kayan aikinsa ba sa shigowa gida. Akwai bokiti da sabulu nasa shi kaɗai a bayan zaure, in bai yi wanka ya yanke farce ba ko jinjiri aka miƙo masa sai ya ja da baya. In ɗigon dagwalo ɗaya ya fallatsar masa a ƙafa, wanki yake kamar zai sale fatar. Ramin da ake tara dagwalon kuwa ba ya barin kowa ya leƙa sai an buɗe shi ya sha iska, tun ranar da wani abokin aikinsa ya sunkuya a baki ya sulale sumamme, aka janyo shi da igiya. Ɗanye Baffa yake tsoro. Busasshe ne bai ɗauka abokin gaba ba.

Asalin abin daga salla ne. A farkon aikinsa ya shiga damuwa ko sallarsa tana karɓuwa, ga shi kullum ƙura tana sauka a rigarsa. Ya je wurin Malam, limamin unguwarmu, wanda suka yi karatun allo tare. Malam ya ce masa ɗanyar najasa dole a wanke, amma busasshiyar ƙura in ta sauka a busasshen tufafi, ya kakkaɓe ya yi sallarsa. Inna ta ce ranar ya dawo gida kamar wanda aka sauke wa dutse daga ka. Daga nan maganar ta zauna masa a baki. In Inna ta ce gashin girarsa ya yi fari-fari da ƙura, sai ya kaɗe da hula ya ce, "Busasshe kan busasshe, babu laifi." In muka ga ya fyace majina baƙa ƙirin muka yi tsuru-tsuru, amsar ke nan. Har mu yara muka ɗauka, in tuwo ya faɗi a tabarma mu ɗauke mu hure mu faɗi maganar Baffa, shi kuma ya yi ta dariya.

Aikin da aka ɗauke shi bai wuce ya baza dagwalo, ya juya, in ya bushe ya tara a loda wa manoma ba. Amma Baffa ɗan manomi ne, ba zai iya miƙa wa mutum abu da datti a ciki ba. In shanya ta bushe ta tsattsage kamar gindin tafki da bazara, sai ya bi ta da kulki yana bugu kamar mai sussuka. Ya haɗa wata babbar rariya da waya da katako, ya tankaɗe leda da tsumma da allurai da fasassun kwalabe. Sannan ya cika kwano, ya ɗaga sama, ya juya wa iska gefe, ya yi shiƙa yadda ake yi wa dawa. Takin ya fito lukui kamar garin gawayi. Ba wanda ya sa shi, ba wanda ya ƙara masa komai a kai. Sau ɗaya na gan shi yana yi, daga tagar mota muna tafiya biki Shuwarin. Mutum ne tsaye a tsakiyar wani baƙin hayaƙi, rana tana ratsowa ta ciki, hannuwansa a sama. A raina na ce ban taɓa ganin abu mai kyau haka ba, har na yi niyyar in na fara rubuta littafi da shi zan buɗe. Ban san ƙirjinsa nake kallo yana cika ba.

Hancinsa ne ya fara tafiya. Tun ina yarinya ba ya jin wari, ba ya jin ƙamshi. Amma duk gabatowar salla sai ya saya wa Inna turare. Yakan tsaya a tsakar gida ya ce, "Uwata, zo ki ara mini hancinki." Mu tafi kasuwa, mai turare ya yi ta shafa mini a bayan hannu ina sunsunawa ina yamutsa fuska kamar babbar mace. In na zaɓa, Baffa ya karɓa ya kai hanci shi ma, ya lumshe ido ya gyaɗa kai. Mai turaren ya taɓa tsokanarsa, ya ce Baba ko kalanzir aka zuba maka haka za ka gyaɗa kai. Baffa ya ce ai shi ya sa ya zo da lauyarsa. Inna kuma duk la'asar sai ta sa garwashi a kasko ta turara ɗaki kafin ya dawo, alhali ta fi kowa sanin ba ya ji. Na karanta soyayya iri-iri a takarda, ban ga wadda ta kai wannan kaskon ba.

Akwai wani abin mamaki a Shanya: tumatir kan fito da kansa a kan dagwalon, kore shar, ya yi 'ya'ya jajur, ba wanda ya shuka. Baffa tumɓuke shi yake tun yana fure, don ya san jijiyarsa a cikin ɗanye take, 'ya'yan kuma a kan ɗanyen suke kwanciya. Wata rana ya tarar da wata tsohuwa mai tsintar itace ta cika ƙwarya da shi. Ya karɓe ya zubar a gabanta. Ta zage shi tas, ta ce baƙin ciki yake da abin da Allah Ya fitar kyauta. Washegari ya tambayi gidanta, ya kai mata tumatir da yakuwa daga ɗan lambunsa na gindin dabino, kuma bai daina ba har ta bar duniya. Jikarta ta zo gaisuwa, a bakinta muka ji. Inna kanta ba ta sani ba.

Rigimarsa da Gwaggo a kan takunkumi ce. A wurin aikin an raba musu takalman roba da safar hannu da takunkumin rufe hanci. Takalmi da safa ya karɓa hannu biyu, don na ɗanye ne. Takunkumin ya kawo gida, Inna ta same shi rataye a ƙusa. Lokacin tari ya fara kama shi, irin wanda ba ya fita, idanunsa kullum ja. Gwaggo ta zo tun daga Yalwawa ta tsaya a kansa yana cin tuwo, ta ce ko ya sa abin nan ko ta daina taka gidansa. Ya ce in manomi ya ga mai ba shi taki ya ɗaure hanci, me zai ce ana zuba masa a gona? Ta ce manoman ne za su yi masa numfashi? Ya ce Malam ya riga ya yanke hukunci.

"Kai Auta, tun kana goye kake da taurin kai. Ni na goye ka, na sani."

"To ki sauke ni haka nan, na yi nauyi," ya ce, ya ci gaba da cin tuwonsa.

Ta ɗauki mayafinta ta fita, damina guda ba ta dawo ba. Shi ya bi ta da buhun gero a bayan keke, ya tsaya a ƙofarta yana haki, ya kasa ko sallama. Hakin ne ya shirya su, ba geron ba.

Daga nan abin ya yi ta gangarowa. Ya daina hawa keke. Tsakanin gida da masallaci sai ya huta a dakalin mutane. In ka zauna kusa da shi za ka ji ƙirjinsa yana wani sauti, kamar ana murza busasshen ganye a tafin hannu. Da muka kai shi asibiti likita ta ɗaga hoton ƙirjin a haske, ta tambayi aikinsa, Yaya ya faɗa mata har da shiƙar. Sai ta yi mana bayani. Ta ce rana tana busar da dagwalo amma ba ta kashe duk abin da ke cikinsa, ƙwan tsutsar ciki ma yakan daɗe da rai a busasshe. Ta ce ƙurar in ta yi laushi har can ƙasan huhu take sauka, ta zauna, shekara bayan shekara huhun ya yi tabo ya ƙi buɗewa. Ta ce da jiƙa shi ake yi kafin a taɓa, da an rufe hanci, da wataƙila ba mu zo nan ba. Baffa ya saurare ta da ladabi, ya yi mata godiya. A hanyar gida ya ce yarinyar tana da kirki, amma sanyi ne ya kama shi. Har ya cika bai canza ba.

Bayan sadakar bakwai na fara yi wa Yaya magana. Na yi da lallashi, na yi da kuka, na yi da gaba. In na ɗora tukunya sai in manta da ita, in na zauna sai in miƙe, in na ɗauki littafi layi ɗaya nake ta maimaitawa. Ya ce shi ma yana wurin da likita ta yi magana, ba kurma ba ne. Amma ga Inna, ga ƙannensa, ga ni. Kuma duk inda ya bi a gari sai an riƙe hannunsa an ce Allah Ya sa ka fi shi. Na ce to ya karɓi aikin ya bar shiƙar. Ya ce ranar da ya loda wa dattijon Kiyawa taki da leda a ciki, da wane ido zai kalle shi? Za a ce ɗan bai kai uban ba.

"Ni gara a ce ba ka kai shi ba, kana tsakar gidan nan kana ba ni haushi," na ce.

Ya yi murmushi. Na san murmushin, na Baffa ne.

Ban sa ran Inna ba. Tana cikin takaba, ga shi Yaya ɗan fari ne. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, ko zazzaɓi yake sai dai ta ce a duba yaron can. Don haka Gwaggo na ja muka je gidan Malam. Muka durƙusa daga bakin ƙofa, Gwaggo ta zayyana masa komai, ba ta rage ba, har da yadda maganarsa ta zama abin da Baffa ke kare kansa da shi. Malam ya daɗe yana kallon buzunsa. Ashe bai taɓa sanin inda amsarsa ta kai ba.

"A kan riga ya tambaye ni, a kan riga na ba shi amsa," ya ce. "Ƙirjin mutum ai ba busasshe ba ne."

Ya ce zai yi magana. Ya kuwa yi, bayan sallar la'asar, ya ce tsarki daban, lafiya daban, duk mai taɓa takin nan ya yayyafa masa ruwa, ya rufe hanci, ya wanke hannu da sabulu. Mutane suka ce Allah Ya saka da alheri. Yaya ya dawo ya ce ya ji, zai sa takunkumi. Da na tambayi shiƙa sai ya ce jiƙaƙƙen taki ba ya bin rariya.

Ranar arba'in manoman suka dawo. An kawo rariyar daga Shanya tare da sauran kayan Baffa, tana jingine a ɗakin Inna. Bayan an shafa fatiha dattijon Kiyawa ya aiko a fito da ita, yana so ya damƙa wa Yaya da hannunsa a gaban jama'a. Ina zaune kusa da Inna. Na miƙe zan ɗauko, don ba ni da ikon hanawa. Sai ta riƙe gefen zanena. Ta tashi, ta je bakin labulen da ke kallon zaure, ta yi sallama da muryar da ban san tana da ita ba.

"Malamai, na gode da zumunci. Na ba ku miji kun sha taki mai laushi. Ɗana kuma ina so. Ku karɓi taki da ledarsa, ku tsince a gonakinku."

Ɗana ta ce. Gwaggo ta saki carbinta. Can a zaure dattijon ya yi gyaran murya ya ce uwa ta fi su gaskiya, Allah Ya huci zuciyarta. Da yamma Inna ta sa aka ɓalle katakon rariyar, da shi aka dafa tuwon sadaka. Yaya bai yi musu ba. Ya shigo ya durƙusa a ƙofarta ya daɗe, ita kuma ta juya fuska bango kamar ba ita ta yi maganar ba.

Ya fara aikin. Yana jiƙa tulin kafin ya sa shebur, yana loda shi da danshinsa, wasu manoman suna gunaguni ya yi nauyi, wasu sun koma takin shanu. Ya ce yana sa takunkumin, ni dai ba na wurin. Wurin bai canza ba, ramin yana nan, bazara tana zuwa, iska kuma ba ta tambayar wanda ya jiƙa nasa tulin. Ban ce hankalina ya kwanta ba.

Allah Ka jiƙan Baffa, Ka yalwata masa makwanci, Ka ba shi iska mai daɗi wadda ba sai ya yi haki ba. Ka karɓi gyaran da ya yi wa gonakin bayinKa, Ka yafe masa abin da ya yi wa kansa bai sani ba.

Yanzu kullum in Yaya ya dawo ya yi wanka, sai in ce ya zauna. In kwantar da kaina a ƙirjinsa in ce ya ja numfashi, ya riƙe, ya saki. Yakan yi dariya ya ce ashe har yanzu littattafan nan ba su sake ni ba. Ina barinsa a haka. Jiya na saurara har sai da ya ce tuwonsa zai huce. Ban ji komai ba sai iska tana shiga tana fita.